Mariƙin da Na Ƙera wa Yaya Idi

Shekara tara ke nan cif da muka binne Yaya Idi a garin Sabha, can ƙetaren hamada, kuma har yau idan na dafa ƙarfen da ya sha rana sai in ga tafin hannunsa. Ni na yi masa wanka. Abin da na gani a hannun nan na hagu ban taɓa rubuta shi ba sai yau.

Mu 'yan gidan maƙera ne daga Tasawa. Shi ya riga ni zuwa, ya buɗe rumfa a unguwar Jadid ta Sabha yana gyaran injin ban ruwa da ƙofofi, ni kuma na biyo shi da 'yar waldata da girman kaina. Da ƙasa ta rikice, sai bindigogi suka fara zuwa rumfar. Mai bindiga idan ya ce ka gyara, ba ka tambayarsa takarda. Yaya ba ya son aikin, amma idan ya karɓa sai ya yi shi da gaske.

A wurinsa na koyi cewa bindiga da hayaƙinta take aiki. Akwai 'yar huda a jikin bututun, ta nan hayaƙin harsashi ke bi ya tura wani ɗan sandan ƙarfe da ake kira fistin baya, ya ɗauko harsashi na gaba. Yakan ce idan hudar ta yi faɗi bindiga za ta ci yashi ta ci gaba, amma za ta riƙa dukan kafaɗarka tana cinye kanta. Idan ta yi ƙanƙanta za ta yi laushi a hannu, sai ranar da yashin hamadar Fezzan ya shige ta ta tsaya maka. "Ba wanda ya ƙera ta da wauta," in ji shi. "Duk abin da ka ƙara mata, ka rage mata wani."

Haka yake faɗa a kan mariƙin gaba, inda hannun hagu ke kamawa, daidai inda zafin hayaƙin nan ke taruwa. Shi na katako yake sassaƙawa, daga ƙafar wani tsohon gado, ya shafe shi da man zaitun. Katako yana da nauyi, yana tsagewa, ba ya ɗaukar tocila, amma ba ya saurin kai wa hannu zafi. Ni kuwa ina yi masa dariya, ina ce masa tsoho mai kayan tsofaffi.

Da aiki ya ja baya, ya karɓi gadin wata gonar dabino a ƙauyen Zighan, mai gonar ya ba shi tsohuwar bindiga. Wuyan hannunsa na ciwo tun wata faɗuwa da ya yi, sai na ce bari in sauƙaƙa masa. Kwana uku na yi ina ƙera masa mariƙi na alminiyam, mara nauyi, mai sheƙi, har da wurin ɗaura tocila. Na kai masa a gaban ma'aikatan gonar. Ya juya shi, ya auna kaurinsa da ɗan yatsa, ya yi shiru. Na san shirun nan, amma na yi kamar ban sani ba. A gidanmu babba ba ya kushe aikin hannun ƙaninsa a gaban mutane. Ya cire nasa na katako ya miƙo mini, ya ce, "Allah ya yi albarka, Sani. Hannunka ya faɗa."

Bayan wata biyu, da azahar, wasu suka zo da mota don su kwashe injin ruwan gonar. Wani ma'aikaci da ya ɓuya a bayan dabino ya ba ni labari. Ya ce bindigar tana jingine a rana tun safe. Yaya ya tare su, ya yi ta harbi har suka ja da baya, sai kuma ma'aikacin ya ga Yaya ya sauke ta, yana kwance rawaninsa da sauri don ya naɗe hannu. A wannan ɗan tsakanin harsashinsu ya same shi. Da na buɗe tafin hannunsa wajen wanka, fatar ta tashi, da shatin layukan da ni na zana a jikin ƙarfen.

Yanzu idan na ga samarin da ke tsaron shingayen hanyar garin Tamanhint da bindigoginsu masu ƙarfe tun daga baki har gindi, an rataya musu tocila da madubin saiti, nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin ba zai zage su ba. Zai ce an samu sauƙi, sannan ya tambaye su ko sun sa safar hannu a aljihu. Ni dai tun ranar ban sake taɓa bindiga ba, ƙofofi nake yi da tagogi.

Abin da ya fi cina shi ne matarsa Hadiza. Shekara takwas ina gaya mata ajali ne kawai, ina tsoron ranar da za ta daina kirana ƙaninta. Bara na je Tasawa da mariƙin katakon a jakata, na ajiye a gabanta, na faɗa mata komai kaina a ƙasa. Ta ɗauka, ta shinshina, don har yanzu yana ƙanshin man.

"Ai na sani, Sani," ta ce. "Ya gaya mini a waya tun satin da ka kai masa. Ya ce abin yana ƙuna, amma ba zai cire ba, kada ka zo ka gani ranka ya ɓaci."

Na ce, "Yaya Hadiza, shi ne ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Ta ce shi ya hana ta.

Rumfarsa ta zama shagon waya, kayan aikinsa sun watse a hannun mutane. Mariƙin katakon yana Tasawa, a cikin akwatin Hadiza. Abin da ya rage mini na Yaya Idi shi ne wannan: ya san abin da na ba shi, ya riƙe shi wata biyu saboda ni. Allah ya jiƙansa. Ni kuma har yau ban san ko godiya zan yi masa ba, ko in tambaye shi don me bai kushe ni ba a ranar.