Kujerar Sashen Lodi

A shekarun da nake rubuta takardun lodi a wani kamfanin motocin dakon kaya a Onitsha, akwai fim ɗin da na kalla a waya ya fi sau goma. Labarin wata budurwa ne a Legas mai son zama manaja. Tana da abokin hamayya a ofis, kyakkyawa mai saje, kullum cikin cacar baki suke, a ƙarshe ta samu kujerar, ta kuma same shi.

Ran nan na kunna wa Inna a ɗakinmu na unguwar Fegge tana tsince shinkafar masa. Ta kalla har rabi, sannan ta ce, "Wai ita wannan yaushe take aikin? Tun ɗazu yawo take da kofin shayi."

Na ce, "Inna, ba za ki gane ba."

Da aka ce za a naɗa shugaban sashenmu, na ce lokacina ya yi. Abokin hamayya ma ina da shi, sai dai Ibo ne mai tumbi da 'ya'ya biyar, kuma shi ke kama min wuri kusa da fanka. Sati guda ina ɗaure masa fuska. Ya ɗauka zazzaɓi nake, ya kawo min lemo.

Na sayi takalmi mai tsini, na haddace jawabi da Turanci a gaban madubi. Ranar ganawa da mai kamfani aka tashi da ruwa. Ɗan okada ya sauke ni a bakin gareji, taku uku tsinin ya nutse a taɓo ya ɓalle. Da silifas ɗin alwala na masallacin direbobi na shiga ofis, ƙafa ɗaya shuɗi, ɗaya ja.

Na fara jawabi ke nan sai hayaniya ta tashi a waje. Wani dattijo ne, dillalin shanu, an yi masa alkawarin mota tun jiya ba ta zo ba. Yana faɗa da Hausa, ana ba shi haƙuri da Turancin buroka, ba mai jin wani. Mai kamfani ya dube ni ya nuna ƙofa.

Na fita na rusuna. "Baba, ina kwana? Ya gajiyar hanya? Ya aka baro mutan gida?"

Dole ya tsaya ya amsa. Kafin mu kai ga gaisuwar iyali har ya zauna a benci, ya yarda a ba shi motar la'asar.

Da na koma zan ci gaba daga inda na tsaya, mai kamfani ya ce ba sai na ƙarasa ba, kujerar tawa ce. Ya sa aka fitar min da tebur rumfar waje, kusa da inda ake wanke motocin shanu, don masu faɗa su riƙa tarar da ni tun kafin su kai gare shi.

Abokin hamayyata ne ya kama min teburin muka fitar. A nan yake gaya min shi bai ma nemi kujerar ba, aikin na tsayuwa ne, shi kuwa ƙafarsa ba ta son tsayuwa.