Yaron da Bai Taɓa Kwana a Tasha Ba

Na daɗe ina koyar da motsa jiki a wata makarantar kuɗi a unguwar Treichville ta birnin Abidjan, ba nisa da babban masallaci. Makarantar ba ta da filin kirki, sai wani dandamalin siminti da ya tsattsage da kwanduna biyu, kuma a nan nake horar da yara ƙwallon kwando bayan an tashi. Yara da yawa sun bi ta hannuna. Yawancinsu yau direbobi ne da masu shago da ma'aikatan ofis, in mun haɗu a masallacin Juma'a su durƙusa su ce, "Misye, ina wuni," don haka ake kiran malami a makarantunmu na Faransanci. Biyu ne kawai a cikinsu suka ci abinci da ƙwallon.

Ɗayan dogo ne, tun yana ajin farko na sakandare ya kere ni tsawo. Mahaifinsa tela ne a unguwar Adjamé, Bahaushe ɗan asalin Maraɗi, mahaifiyarsa kuma tana sayar da albasa a kasuwar Gouro. Ɗayan bahago ne, gajere a cikin 'yan wasa, amma ban taɓa ganin yaro mai ido irin nasa ba. Yakan jefa ƙwallo inda babu kowa, kafin ta sauka sai ka ga dogon ya iso wurin. Kullum tare suke tsallako gada daga Adjamé, tare suke komawa.

Da farko telan bai yarda ɗansa ya yi wasan ba. Ya ce shi karatu ya biya wa kuɗi, ba tsalle da gajeren wando ba. Na je har shagonsa, wani ɗan akurki a bayan masu sayar da atamfa, na zauna a kan benci yana ɗinki ina magana. Bai ɗago ba sai da na gama.

Ya ce, "Malam, in makinsa ya sauka fa?"

Na ce, "Ranar da ya sauka ni zan kore shi daga fili."

Ya cije zare ya ce to. Daga baya shi ya ɗinka mana rigunan wasa, kore da fari, ya manna lambobin da hannunsa. Duk Asabar da muke da wasa sai ya rufe shago ya zo ya tsaya a bayan waya da carbinsa. Bai san dokar wasan ba, in ya ga mutane sun yi tafi sai ya tambayi na kusa da shi ko namu ne suka ci.

A shekararsu ta ƙarshe aka yi wani sansanin horo a lokacin dogon hutu, Turawa masu neman 'yan wasa suka zo. Suka ɗauki dogon zuwa Amurka, ya ƙarasa sakandare a can, wata jami'a ta karɓe shi. Bahagon suka ce ba shi da tsawo. Bayan shekara guda wani dillali ya kai shi wata ƙungiya a Arewacin Afirka.

Daga nan na zama mai bibiya. Jami'ar dogon tana da shafi da take saka labaran 'yan wasanta, na yanzu da na da. Ni ba Turanci nake ji ba, sai in yi ta gangarawa a waya ina neman sunansa. Rabin shafin labarin wani wasa ne da suke kira besbol, wanda ake jifa da ƙaramar ƙwallo wani ya make ta da kulki. Na kalli hotunan mutanen nan masu hulunan hana sallah har na fara gane fuskokinsu, na san wanda aka ɗaga zuwa babbar ƙungiya da wanda aka mayar ƙasa, duk don in kai ga layi biyu da aka rubuta a kan yarona. Wasanninsa lokacin muna barci ake yi, don haka sai bayan sallar asuba nake kallon abin da aka yanko. In ya yi abin kirki, sai in tura wa tsofaffin ɗalibaina a zauren da muka buɗe a waya, in hau gbaka, wato ƙananan bas ɗinmu na haya, in tafi Gouro in gaya wa mahaifiyarsa. Takan saurare ni tana ware albasa, ta ce, "Yana dai cin abinci ko? Na ga kamar ya rame a hoton."

Yana shekara ta biyu a jami'a mahaifinsa ya rasu. Bai samu zuwa ba, ana tsakiyar kakar wasa. Ni da bahagon, wanda ya zo hutu, muna cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Da ya gama jami'a babbar gasar Amurka ba ta ɗauke shi ba. Ya buga gasar bazara da suke gwada 'yan wasa a cikinta, na bi ta wasa bayan wasa, ina jin haushin kocin da yake ajiye shi a benci kamar a gabana ake yi. Daga nan wata ƙungiya a Turai ta saye shi, ya zauna da gindinsa. Ba zan ɓoye alherinsa ba. Ya kai mahaifiyarsa Makka, ya saya mata gida, ya hana ta zaman kasuwa.

Bahagon kuwa gwiwarsa ce ta tashi a kakarsa ta uku. Ƙungiyar ta sallame shi, dillalin ya daina ɗaukar waya. Na daɗe ban san ya dawo ba, sai wata rana na je babbar tashar Adjamé in saka saƙo a motar Yamai, na ji wata murya tana kiran fasinja da Hausa da Julanci, yaren kasuwar garin, a haɗe. Na juya na gan shi yana ɗingishi, ya riƙo jakar wata mata yana ja. Ɗan kamasho ya zama. Da ya gan ni sai ya saki jakar.

Ya ce, "Misye, ban so ka gan ni a nan ba."

Na ce, "Sata kake yi?"

Ya ce a'a. Na ce to ya ɗauki jakar matar kada wani ya riga shi.

Shekaru suka wuce, har na ajiye aiki. Sai ga saƙo daga dogon cewa zai zo a dogon hutu ya shirya wa yaran unguwa gasa a Treichville, kuma yana so in zo. Na kai babbar rigata wurin mai guga. An yi wa wani fili na unguwa sabon fenti, an kafa rumfuna, an jibge kwalayen takalma. Ya rungume ni har ƙafafuna suka kusa barin ƙasa. Hausarsa ta yi nauyi, Faransancin ma Turanci ya shiga cikinsa. Tare da shi akwai Turawa masu ɗaukar fim, ya ce tarihinsa suke haɗawa. Na zaci za su tambaye ni wani abu, har na shirya abin da zan faɗa. Aka ba ni riga mai hotonsa da kujera a inuwa, ba wanda ya juyo da kyamara wajena.

Rana ta biyu bahagon ya same ni a bakin fili. Ya ce jiya da safe sun zo tasha.

"Su wa?"

"Shi da Turawansa. Ni na zaga da su. Ya cire agogo ya ɗora buhun shinkafa a ka, suka ɗauka. Sannan ya nuna musu ƙarƙashin wata rumfa ya ce nan yake kwana yana yaro."

Na ce ko dogon wasa yake yi. Bahagon ya ce shi dai abin da ya gani ke nan, ya kuma ce an hana shi shiga hoto, an ce ya matsa gefe.

Da la'asar suka zaunar da dogon a tsakiyar fili, yara kewaye da shi, suka yi masa tambayoyi da Faransanci don yaran su ji. Ina zaune ina saurare. Ya ce shi maraya ne tun bai yi wayo ba. Ya ce a tasha ya tashi yana dako, bai taɓa shiga aji ba, bai taɓa samun wanda ya koya masa riƙon ƙwallo ba, har ranar da wani Bature ya hango tsawonsa a cikin motoci. Ya faɗi wannan a nutse, muryarsa tana rawa daidai inda ya kamata, na gane ba yau ya fara faɗa ba. Baturiyar da ke riƙe da abin magana tana share hawaye.

Na jira har aka tashi sallah. Na same shi a bayan rumfa yana shan ruwa, na yi masa magana da Hausa don kada baƙinsa su ji.

Na ce, "Yaushe ka kwana a tasha?"

Ya yi murmushi ya ce, "Misye, ka san yadda abin yake."

"Ban sani ba. Gaya mini."

Ya nuna yaran da ke gwada sababbin takalma. Ya ce, "Ka ga waɗannan? Ba ni na saya ba, kamfani ne. In na ce musu ni ɗan tela ne, uwata tana kasuwa, na yi makarantar kuɗi, ko igiyar takalmi ba za su bayar ba. Tun ina jami'a wani ɗan jarida ya rubuta haka bisa kuskure, na ga yadda ƙofofi suka buɗe, sai na bar shi."

Na ce, "Ni ban damu da ka share ni ba." Wannan ba gaskiya ba ce ƙwarai, amma haka na faɗa. "Ubanka fa? Mutumin da ya makance a kan keken ɗinki don ka yi karatu?"

Ya kalli robar ruwan da ke hannunsa. Ya ce, "Baba ya riga mu gidan gaskiya, wannan ba zai cutar da shi ba. Ina yi masa sadaka duk azumi."

Aka kira shi ɗaukar hoto, ya dafa kafaɗata ya tafi. Ban koma rana ta uku ba.

Bayan sati na je gaida mahaifiyarsa a sabon gidanta. Ta sa aka kawo mini zoɓo, muka yi ta zancen ciwon ƙafa da tsadar kifi. Ita ta ɗauko maganar.

Ta ce, "Malam, sun kai ni Gouro. Suka ce in cire mayafina in ɗaura tsohon zane, in zauna a rumfar wata in riƙe albasa. Na zauna. Ƙawayena na kasuwa suna kallona."

Na ce, "Hajiya, me ya sa ba ki ƙi ba?"

"Ɗana ne ya roƙe ni. In kunyata shi a gaban baƙi?" Ta gyara zama. "Ban ji me suke cewa ba sai daga baya jikata ta fassara mini. Wai talauci ya sa na kasa riƙe shi na sake shi a titi. Malam, kai shaida ne, yaron nan ko magariba bai taɓa yi a waje ba, babansa yana bakin ƙofa yana jira."

Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko in ƙara zoɓo.

Fim ɗin ya fito, an nuna shi a talabijin a nan da can waje. A zaurenmu na waya tsofaffin ɗalibai suka yi ta gardama, wasu suka ce cin amana ne, wasu suka ce dabara ce kuma yaran unguwa sun samu takalma. Mai makarantarmu ya so ya kafa hotonsa a bakin ƙofa don jawo iyaye, sai wani ya tuna masa cewa a fim ɗin yaron bai taɓa shiga aji ba. Bahagon ya nemi a ɗauke shi mai horarwa a gidauniyar da dogon ya kafa, aka ce masa ba shi da takardar shaidar horarwa. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ramin har yau ban ga ƙarshensa ba. Ni kuma, abin da ya fi ba ni haushi, ban iya daina kallon wasanninsa ba. In ya juya baya ga kwando ya taka da ƙafar hagu, na san a inda ya koyi wannan takun.

Bara na raka ƙanwar matata tasha za ta koma Yamai. Muna jiran a gama lodi sai na hango wasu Turawa matasa uku da jakunkuna a baya, sun shigo cikin hayaƙi da cunkoso suna waige-waige. Bahagon ne a gabansu yana ɗingishi. Ya kai su wata rumfar mai shayi, ya nuna musu ƙarƙashin tebur, yana bayani da hannu. Suka durƙusa suka ɗauki hoton wurin. Mai shayin ma ya sa baki, da alama yana ba su labarin yadda yake ba yaron ragowar burodi, shi da bai fi shekara biyar da zuwa Abidjan ba.

Da suka tafi bahagon ya ƙaraso wurina yana soka abin da suka ba shi a aljihu.

Ya ce, "Suna zuwa jefi-jefi, Misye. Wani lokaci wannan rumfar nake nuna musu, wani lokaci waccan ta kusa da masu faci."

Ya karɓi jakar baƙuwata ya ɗora a ka, ya ce mu biyo shi, ya samo mata kujera a gefen taga.