Irin Geron da Na Rina

Kafin in lalace, ni mai amalanken jaki ne a Safo, ina kai wa mutane hatsi kasuwar Madarunfa. Ba ni da komai, amma hankalina a kwance yake. A lakwal, wato makarantar boko, malaminmu yakan karanta mana labaran attajiran da kwaɗayi ya halaka. 'Yan ajinmu suna tsorata da ƙarshensu, ni kuwa gidajensu da tufafinsu kawai nake saurare.

Da ƙaramin abu na fara: in ɗebi tiya guda daga kowane buhu kafin in isa kasuwa. Ba wanda ya lura, sai idona ya buɗe. A Ɗan Issa na haɗu da wani mai sayar da maganin gona, ya koya mini dabarar da ta kai ni gidan kaso. Manomanmu sun san irin gero mai kyau, wanda aka yi wa magani, ja ne. Da sun ga ja ba sa tambaya. Sai muka riƙa sayen tsohon geron da ya mutu a rumbu, mu rina shi ja, mu zuba a leda. Cikin wata biyu na sayi moto, wato babur, na buɗe shago, ana ce mini Alhaji ban taɓa ganin Makka ba.

Wata ranar kasuwa na dawo shago na tarar babana ya zo ya ɗauki buhu biyu na rinannen geron. Ya raba wa maƙwabta, yana cewa irin ɗansa ne, su shuka ba shakka. Nasu irin na gida kuwa suka daka suka ci, don bazara ta yi tsanani. Na je har ƙofar gida in gaya masa, sai na juya na koma shago.

Tun daga ranar nake tsoron hadari. Kowa yana roƙon ruwa, ni kuwa ina fatan kada ya sauka duk lokacin da gabas ta yi baƙi. Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Bayan kwana biyar gonakin wasu sun tsiro, na unguwarmu ƙasa ce zalla.

Baba ya kira ni gona. Ya tona rami ya ciro ƙwaya, ta ruɓe, jan ya bi masa yatsa.

Ya ce, “Kai, mi ka ba mu?”

Na ce, “Baba, halama zafi ne.”

Ya ce, “Dubi idona ka hwaɗi gaskiya.”

Na kau da kai. Da na waiwaya, ga mazan unguwa tafe da hauyoyi. Da ba don Baba ya tsaya a gabana har jandarmomi suka iso ba, da a gonar nan za a rufe ni.

Shekara uku na yi a kaso. Baba ya sayar da gonarsa ya saya wa mutane iri, amma lokacin shuka ya wuce. Gidaje da yawa suka watse zuwa Najeriya neman abinci. Bai taɓa zuwa duba ni ba, kuma ya rasu ina tsare.

Na fito, na tuba, ina bin gida-gida ina neman gafara. Wasu sun yafe, wasu sun rufe ƙofa. Samari, ku ji tsoron Allah, kada kwaɗayin a kira ku masu kuɗi ya sa ku taɓa abin da talaka zai ci. Ni har yau ba wanda ya yarda ya nuna mini kabarin ubana.