Burtsatsen da Ya Maƙale a Bakin Titi

Mun tashi da asuba daga Tudun Wadar Gusau, ni da direba da ogan ofishinmu, muka kama hanyar Tsafe. Aikina sarrafa manhajar kwamfuta da ke lalubo wurin da ya fi dacewa a haƙa rijiyar burtsatse. Guda ɗaya tak aka ba mu bana, manhajar kuma ta nuna wani fili a bakin titi kusa da Kucheri. Shi za mu dubo.

Tun farko hankalina bai kwanta ba. Irin wannan manhaja sai an nuna mata inda za ta fara lalube. Daga nan take matsawa kaɗan-kaɗan, da ta ga babu wuri mafi kyau a kusa sai ta tsaya. Na roƙi a warwatsa mafarin a wurare da yawa, oga ya ce a ɗora shi kan kwalta, wai can ciki ba tsaro, kuma shi ba ya son dogon Turanci.

Hanya dai ramuka da shingayen jami'an tsaro. A Tsafe muka karya da kunu da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har direba ya ce a kawo masa tabarau.

Da muka isa filin, sai ga wani burtsatsen daf da shi yana aiki lafiya lau, har ana wanke babura. Raina ya ɓaci. A layin ɗiban ruwa na gaisa da wata dattijuwa da ta zo da jaki daga wani ƙauye can ciki. Oga ya zauna a mota, ni da direba muka bi ta da ƙafa.

Mun sha tafiya. Da isarmu, kafin mu ce komai, ta kawo mana ruwan baƙunta a kwano. Ba ta taɓa na jarkar da ta ɗebo a burtsatse ba, na jinjirin gidan ne. Na rafi ta ba mu, ja wur.

"Ku yi haƙuri, ɗiyana, shi muka sha," in ji ta. "Ruwa kunka kawo muna?"

Na ce, "Inna, dubawa muka zo yi." Na kafa kai na shanye don kunya.

A dawowa muka tsaya Kwatarkwashi, ƙasar Bungudu, muka yi la'asar. An yi yayyafi, na ga ruwa kwance a wani ɗan gurbi a kan dutse, ƙasa kuwa ƙamas. Gurbin farko da ya samu nan ya tsaya, kamar manhajarmu.

Muna komowa Gusau na sake kunna ta, na warwatsa mafarin ko'ina a taswira. Mafi kyawun amsa ta faɗa ƙauyen dattijuwar nan. Nan take na kai wa oga. Ko kallon kirki bai yi ba, ya ce motar haƙa ta riga ta kama hanya, kuma masu ba da tallafi sun fi son wurin da za su tsaya su ɗauki hoto.

Abin da tafiyar ta koya mini mai ɗaci ne: wanda ya zaɓi mafari ya gama zaɓen amsa, sauran duk rakiya ce. In an tambaya, cewa za a yi kwamfuta ce ta zaɓa. Jiya aka fara haƙa a bakin titi. Inna za ta wuce ta wurin da jakinta, ta tarar da burtsatse biyu.