Rumbun Baffa Ilu

Damina tara ke nan da rasuwar Baffa Ilu, ƙanen mahaifina, Sarkin Noman garinmu da ke bakin kwarin Tarka. Allah Ya jiƙansa. Mutum ne da in ya yi atishawa a gona, sai tsuntsayen can garin Tanut su tashi.

Ina yaro na ɗauka sarautar ba ta wuce rawani da samun cinya ranar suna ba. Sai shekarar da fara ta cinye mana gero na gane. A garinmu, ranar naɗin Sarkin Noma maigari da kansa yake yanke igiyar da ke ɗaure marufin rumbunsa, ba a kuma sake ɗaurewa. In ruwan shuka ya sauka, duk wanda ya cinye irinsa saboda yunwa sai ya je ya ɗiba, ko sallama ba sai ya yi ba.

Nakan so in ji me Baffa zai ce da sarautun yau. Muna da Sarkin Kabu-kabu, muna da Sarkin Cajin Waya, saura kaɗan a naɗa wa jakina Galadima. Amma rawanin Baffa yana nan cikin adakar matarsa, Inna Hajo, kowa yana kauce masa. Shekaranjiya maigari ya ce dattawa ni suka nuna a naɗa. Ni, da kwaɗon sitona ya kai kan maraƙi!

Na tafi wurin Inna Hajo na ce, "Inna, shin Baffa bai taɓa jin haushin masu ɗiba ba?"

Ta ce, "Haushi? Har tuwo ya sha ƙi! Amma da ya ji motsi a rumbu sai ya juya ya fuskanci danga, don kada ya ga fuskar mai ɗiba, gobe su haɗu a masallaci mutum ya sunkuyar da kai. Kai kuwa, Sani, ko kaza ta gifta ƙofarka sai ka tambayi sunan ubanta."

Ashe geron ba shi ne wuyar abin ba. Har yau babu wanda ya san waye ya ci daga rumbun nan, kuma wannan shi Baffa ya bar mana.

Hadari ya fara haɗowa daga gabas, maigari kuma yana jiran amsata. Yau da safe na cire kwaɗon, na juya wa sito baya na zauna, don gwaji. Na ji takun mutum. Ban waiga ba, amma wallahi har yanzu wuyana ciwo yake.