Malam Abdulrauf da Wayar da Ta Kori Jaji daga Gida

Shekara talatin da ɗoriya, in dai ba ciwo ne ya kwantar da shi ba, ƙarfe takwas na safe a rumfarsa take yi wa Malam Abdulrauf. 'Yar rumfar kwano ce a bakin kasuwar Dutse. Da kansa yake share gabanta, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, sannan ya jera kayan aiki: ƙananan sukudireba, ƙarfen narka dalma, tsohon burushin haƙori na goge tsatsa, da gilashin ƙara girman abu. Da gyaran rediyo ya fara. Da wayar hannu ta shigo gari, sai ya koma ɗalibi da furfurarsa, yana tambayar sa'o'in 'ya'yansa ba tare da jin nauyi ba, har ya zo ya fi su.

Benci biyu gare shi. Ɗaya a gaba, na masu fasasshen gilashi da mataccen batir. Ɗayan yana bayan rumfa, inda mai wucewa ba ya hangowa. Maƙwabtansa na kasuwa suna tsokanarsa wai ya buɗe ɗakin ganin likita. Shi dai murmushi kawai yake yi, don ya san irin mutanen da ke zama a bencin nan.

Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar. Hannu ya fara rawa, ido ma ya gaji. Ba mai shirya masa walima, ba mai rataya masa lambar yabo, kuma wallahi abin da ciwo. Shi ya sa ya zama dole a faɗa wa jama'a ko wane ne wannan bawan Allah tun yana raye yana ji.

Masu zama a bencin baya, yawancinsu cuta ɗaya ce ke kawo su. Mutum zai danna wani saƙo da aka turo masa, wai kyautar data ko wata manhaja mai amfani, sai wayar ta kulle tam. Tambarin 'yan sanda ya cika fuskarta, ga hoton mai wayar a tsakiya, ga dogon Turanci a ƙasa: wai an kama wannan waya da hannu cikin babban laifi, a biya tara da katin waya kafin kwana biyu ko a zo a tafi da mutum. Ƙarya ce tsagwaronta. Ɓarayi ne ke aro tambarin hukuma, kuma bairos ne, irin cutar da ke shiga waya. Amma je ka gaya wa wanda ya ga fuskarsa a ƙarƙashin tambarin!

Malam ba ya tambayar kowa me ya danna. Malamar makaranta ta zo masa tana kuka a cikin hijabi, liman ya zo yana waige-waige, duk abu ɗaya yake fara ce musu: «Kwantar da hankalinka, ba ka yi komai ba. Kuma kada ka tura musu ko sisi, in ka tura ma ba buɗewa za su yi ba.» Sai ya zare layin, ya kashe wayar, ya tayar da ita ta hanyar da masu gyara ke kira sef mod, inda ba abin da ke tashi sai manhajojin da ta zo da su daga kamfani. Daga nan ya shiga saiti, ya ƙwace ikon da baƙuwar manhajar ta ba kanta a kan wayar, ya goge ta, ya sake kunnawa. In ta yi taurin kai ne kawai yake wanke wayar gaba ɗaya, shi ma sai ya nemi izinin mai ita.

Mutanen da ya fitar daga wannan firgici Allah kaɗai ya san yawansu. Amma akwai guda ɗaya da ya ci masa shekara huɗu na rayuwarsa.

Wata Laraba da hantsi wata mata ta tsaya a gaban rumfar, da goyo a bayanta, ƙafafunta sun yi futu-futu. Sunanta Hassana, daga wata ruga ta bayan Miga. Ta kwance wani tsumma, ta miƙo waya duk ƙasa.

«Baba, caji nake so a sa mini. Ofishin 'yan sanda zan kai ta, in roƙe su su yafe wa maigidana.»

Ya nuna mata bencin baya, ya jona wayar, ta ba shi labari. Mijinta Jaji makiyayi ne, bai yi boko ba. Wata uku da suka wuce, ranar kasuwar Miga, wayarsa ta kulle da hotonsa a kai. Ya nuna wa wani ɗan boko a teburin mai shayi, shi kuma gogan naka, maimakon ya ja shi gefe, sai ya karanta da ƙarfi yana fassarawa, kowa na ji. Lokacin kuwa ba zancen da ake yi sai na masu garkuwa da mutane, kuma duk wanda ya rataya sanda a kafaɗa ana yi masa kallon biyu-biyu. Wayar ba ta faɗi laifin ba, mutanen wurin ne suka ƙarasa mata. Kafin la'asar har an ce an ga Jaji yana kai musu abinci daji.

Ya koma ruga ya binne wayar a tsakiyar garke. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, Inna Mahbuba, ya rantse mata bai aikata komai ba, amma ya ce wa zai yarda da shi? Ya ɗauki sandarsa da butarsa ya bi yamma. Tun ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Wayar ta kawo wuta. Malam ya duba, sai ya ja salati. Tambarin na nan, Turancin na nan, amma fuskar da ke ciki tasa ce, har da gilashinsa. Ya kashe, ya miƙa wa Hassana, ya ce ta kunna. Tana kunnawa ta yi wurgi da ita kan benci.

«Wayyo Allah! Baba, ni ma nemana ake yi?»

«Ba mai nemanki, 'yata. Duk wanda ya kunna ta, hotonsa take ɗauka. Ba mai neman mijinki ma.»

Yana zaune a gabanta ya cire bairos ɗin, ta ga hoton shanunsu ya dawo fuskar wayar. Bai tsaya nan ba, ya rufe rumfa ya raka ta ofishin 'yan sanda, aka duba, aka tabbatar mata ba su taɓa jin sunan Jaji ba. Hassana ba ta yi murna ba. Zama ta yi a ƙasa a bakin ofishin ta rushe da kuka, don wanda ya kamata ya ji wannan albishir ba ta san inda yake ba.

Aikin mai gyara ya ƙare a nan, kowa ya sani. Shi kuwa Malam washegari ya hau mota har Miga, ya hau acaɓa zuwa rugar, don ya yi wa tsohuwa bayani da bakinsa. Ya same ta a gindin bukka, ido ya riga ya tafi. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta lalubo hannunsa ta riƙe gam.

«Malam, ni na san ɗana tun kafin ka faɗa. Shi ne bai sani ba. Kai da ka sani, je ka gaya masa.»

Ya ce, «Insha Allahu, Inna.» Ya kuwa ɗauki maganar da nauyin alkawari.

Daga nan ya zama ɗan bin kasuwannin shanu. Ya sa aka wanko masa hoton Jaji daga wayar, ya sa a aljihun gaba. Jahun, Buji, Shuwarin, Gujungu, duk inda aka ce akwai kara, wato kasuwar dabbobi, zai rufe rumfa ya tafi, yana nuna wa dillalai da direbobin manyan motoci. Kusan shekara yana wannan cigiya. Sai wata rana a Gujungu wani direban motar shanu ya ja shi gefe.

«Malam, mutumin nan na san shi. Yana yi wa wani kiwo can wajen iyaka, ya ma canja suna. Amma da ya ji wani mai gilashi daga Dutse na yawo da hotonsa, cewa ya yi ɗan sandan ciki ne. Ya tattara ya ƙara gaba, yanzu ba wanda ya san inda ya dosa.»

Waɗanda suka dawo mota ɗaya da shi ranar sun ce har Dutse share ido yake ta yi da bakin hula. Ashe da hannunsa yake ƙara korar wanda yake nema. Kwana uku bai buɗe rumfa ba.

A rana ta huɗu ya fito da wata dabara. Ya daina ambaton sunan Jaji kwata-kwata. Ya samo tsohuwar waya marar layi, ya sa mata bairos ɗin da gangan. In ya je kara sai ya hau kan turmi ko buhu, ya kira jama'a, ya ce wani ya zo ya kunna. Sarkin dillalai ya kunna, ga shi ana nemansa. Mai fura ta kunna, ita ma ana nemanta. Wata rana a Jahun wani shaƙiyyi ya kara ta a fuskar rago, sai ga rago da ƙahonsa a ƙarƙashin tambarin hukuma, an ba shi kwana biyu ya biya tara. Kasuwa ta kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Malam ya jira dariyar ta lafa, ya cire bairos ɗin a kan idonsu, mataki-mataki, sannan ya ce, «Ku kai labarin nan daji. Duk wanda kuka san waya ta tsorata, ku gaya masa.» In ya koma gida ya sake saka cutar don kasuwa ta gaba.

Sama da shekara biyu yana haka, damina da rani. Duk wata sai ya leƙa ruga, kuma da Inna ta ji sallamarsa tambaya ɗaya ce: «Ka gan shi?» Shi ma amsa ɗaya: «Saura kaɗan, Inna.» A daminar bara zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana shida ta ce ga garinku nan. Malam na cikin waɗanda suka ɗauki makara. Mutane suka ce to yanzu ai sai ya huta. Sati na zagayowa aka gan shi a tasha da tsohuwar wayarsa.

Wata biyar bayan rasuwar, a karar Maigatari, ya gama nuninsa, jama'a suka watse. Mutum ɗaya ya rage, dogo, a rame, ya naɗe fuska da rawani sai ido. Ya matso a hankali, ya ce shi ma a ba shi ya kunna. Ya sauke rawanin, ya danna. Ya daɗe yana kallon fuskarsa a cikin wayar. Shi kuwa Malam, da ya kwana ya tashi da wannan fuska a aljihu, nan take ya gane shi.

«Malam,» in ji mutumin, «wato duk shekarun nan, ba mai nemana?»

«Hukuma ba ta taɓa sanin sunanka ba, Jaji. Inna ce kaɗai ta yi ta nemanka.»

«Tana lafiya?»

Malam ya ce bai taɓa yin gyara mai wuyar wannan amsa ba. Ya kama hannunsa, ya zaunar da shi a ƙasa, ya zauna kusa da shi, sannan ya faɗa masa.

Malam Abdulrauf, kai ne aka kawo wa caji ka ɗauki nauyin gida guda. Kai ne ka yi kuskure, ka yi kukansa, ka tashi ka canja hanya maimakon ka ce ka yi iya yinka. Mai bencin baya, mai rufa asirin bayin Allah! Mun sani ba ka son wannan yabo. Duk wanda ya ɗauko maka zancen Jaji, cewa kake yi, «Ku bari kawai, na makara da wata biyar.» Mun ji, kuma ba za mu ce maka ba ciwo ba. Amma ba kai ka makara ba. Waɗanda suka zauna a inda suka zauna suka ƙirƙiro wannan sharri, da bakunan da suka ƙarasa musu aiki a teburin mai shayi, su za su amsa tambayar wata biyar ɗin nan gaban Allah.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da gidan Aljanna, ya ba hannun nan da idon nan sauƙi.

Ku kuma masu gyara da za ku gaji wurinsa, ku ajiye benci a bayan rumfa. Mai ilimin da aka miƙo wa waya a cikin taro, don Allah ka ja mai ita gefe kafin ka buɗe baki. Wanda kuma ya ga tambari a wayarsa, kada ya biya, kada ya gudu, ya nuna wa wanda ya sani.

Malam ne ya rako Jaji har gida. Hassana ta fito da gudu, yara suka tsaya nesa suna kallon baƙo, ƙaramar ma ɓuya ta yi a bayan uwarta. Jaji bai shiga bukka ba, bai sha ruwa ba, ya ce a nuna masa wurin. Malam ya kai shi, ya ja da baya ya tsaya. Jaji ya durƙusa a gaban tudun ƙasar da ciyawa ta riga ta rufe, ya dafa shi da hannu biyu, ya yi magana da harshen da Inna ta raine shi da shi, a hankali, kamar mai gudun kada ya tashe ta daga barci.

«Inna, mi warti.» Inna, na dawo.