Na Ƙona Kafet, Na Ɗora wa Wadda Ta Yarda Da Ni

Lokacin ina ɗaliba a Bloomsbury, can ƙasar Turawa, ina ji da kaina, ga Turanci ga iya rubuta takardar ƙorafi. Muna haya a wani flat a Stratford ni da wata 'yar Filato mai kula da tsofaffi. Ta girme ni sosai, Anti nake ce mata. Mu biyu muka haɗa kuɗin ajiyar da ake mayarwa in an tashi muka ba mai gida, rabi da rabi.

Da muka tashi, mutumin nan ya ce ba ko sisi. Wai mun lalata fenti, mun karya kujerar da tun shigarmu take ɗingishi, danshi ya baƙanta bangon ɗakin Anti, an kuma ƙona kafet. Duk zalunci ne, ban da na ƙarshen. Ni ce na kifar da kaskon turaren wuta a ɗakina, garwashi ya huda kafet, na ja gado na rufe wajen. Anti ba ta sani ba. Ta damƙa mini komai, ta ce ni ce mai ilimi. Na kai ƙara hukumar da ke riƙe da kuɗin 'yan haya, na tura hotuna, na yi nasara. Kuɗin ƙunar nan kaɗai suka ce a cire, kuma ba kaɗan ba.

A nan shaiɗan ya same ni. Na ce wa Anti saboda danshin ɗakinta aka yanke, na cire daga kasonta. Ko takardar hukuncin ba ta nemi gani ba. Haƙuri ma ta riƙa ba ni, wai ta jawo mini wahala, ta sa mini albarka har da riƙe hannuna. Abin da ya rage mata bai kai ta kama ɗakin da ta samu kusa da wurin aikinta ba. Ta koma Dagenham tana kwana a falon wata 'yar cocinsu, nisa ya sa aikin ya kuɓuce mata.

Shekaru sun wuce, amma kowace Sallah sai ta turo mini saƙon murya, tana yi mini barka da Sallah, tana cewa ba za ta manta da yadda na tsaya mata ba. Sau nawa na buɗe waya zan faɗa mata, sai in rufe. Kuɗin ba su gagare ni ba yanzu, bakin faɗa ne babu.

'Yan'uwa, ku ɗauki hoton gida ranar da kuka shiga, ku nemi haƙƙinku, ana samu. Amma ku ji tsoron haƙƙin wanda ya yarda da ku. Na yi ta zagin mai gidan nan azzalumi, alhali shi aƙalla a fili ya yi nasa. Saƙonta na bana yana nan a wayata, har yau na kasa saurara.